Wa Ya Faɗa? Bayani a Kan Ƙidayar Ambaton Masu Binciken Noma

Duk wanda ya saba sauraren rediyo, ko halartar taron manoma a Madarunfa, Gabi, Safo, Ɗan Isa, Jiratawa ko Sarkin Yamma, ya sha jin ana cewa “masana sun tabbatar” ko kuma “bincike ya nuna”. Da wannan magana ake kawo muku sabon iri. Da ita ake ce muku ku canza lokacin shuka saboda sauyin yanayi, da ita kuma ake ce muku ku bar icce a gona ko ku cire shi. To, gonar taku ce, kuma damina ɗaya gare ku a shekara. In shawarar ta yi kyau, rumbunku ne zai cika. In ta ɓaci, ku ne za ku shiga kasuwa awon tiya tun ruwa bai sauka ba. Saboda haka ya kamata ku san yadda su masanan suke auna junansu, da abin da ya sa maganar wani take zaga duniya, ta wani kuma ta tsaya a cikin akwatin ofis.

Babbar hanyar da suke bi a yau ita ce ƙidayar ambato. Za mu bayyana muku ita, sa'an nan mu gwada ta a kan wani aiki da kuka fi kowa saninsa, wato sassaben zamani.

Mene ne ambato?

Idan mai bincike ya gama aikinsa, yakan rubuta tambayar da ya tashi da ita, da wurin da ya yi aikin, da yadda ya auna, da abin da ya samu. Sai ya aika wa wata mujalla ta masana. Masu mujallar ba sa bugawa nan take. Sukan miƙa rubutun ga wasu masana biyu ko uku na wannan fanni, su duba shi, su nuna kurakuransa, su ce a gyara, ko a buga, ko a mayar wa mai shi. Wannan yakan ɗauki watanni, wani lokaci har fiye da shekara.

Bayan an buga, duk wani mai bincike da ya zo daga baya ya dogara da wannan aiki, wajibi ne ya rubuta sunan mai shi da shekarar da aka buga shi. Wannan shi ake kira ambato. Idan mutum ɗari suka yi haka a cikin rubuce-rubucensu, sai a ce an ambaci aikin sau ɗari.

Abin ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna a makarantar zaure. Malami ba ya kawo hadisi kara zube. Yakan ce an karɓo daga wane, shi kuma daga wane. Wannan shi ne isnadi, kuma amfaninsa shi ne mai saurare ya iya bin sawun magana har zuwa tushenta. Sai dai ku lura da abu guda, domin zai yi mana amfani a gaba. Malaman hadisi ba su tsaya ga ƙirga yawan masu ruwaya kawai ba. Sun binciki kowane mutum da ke cikin silsilar: shin mai gaskiya ne, shin yana da riƙo, shin ya ma sadu da wanda ya ce ya ji daga bakinsa? Ƙidayar ambato ta zamani ba ta yin wannan bincike. Ƙirge kawai take yi.

Yadda ake ƙirgawa

Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya kawo shawarar a riƙa tattara ambato wuri guda, a shekarar 1955. A 1964 ya fara fitar da babban kundin da ke nuna wane ya ambaci wane a cikin mujallun kimiyya. A lokacin littattafai ne manya-manya da sai babban ɗakin karatu ke iya saye. A 2004 kamfanin Google ya buɗe Google Scholar a intanet, inda kowa ke iya rubuta sunan mai bincike ya ga ayyukansa da yawan waɗanda suka ambace su, ba tare da ya biya ko dala ba. Adadin ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana ƙaruwa ne duk lokacin da wani sabon rubutu ya fito.

A 2005 wani masanin kimiyya a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro wani lissafi da ake kira ma'aunin h. Ku ɗauko allo ko takarda mu yi shi tare, domin bai fi ƙarfinku ba. A ce ga malamai biyu, kowane ya buga rubutu biyar. Na farko an ambaci rubutunsa sau 40, da 12, da 5, da 3, da 1. Na biyu kuma sau 200, da 2, da 1, sauran biyun ba wanda ya ambace su. In kuka tara, na farko yana da 61, na biyu yana da 203. Amma ma'aunin h yana tambaya ne: rubutu nawa gare shi waɗanda kowannensu aka ambata aƙalla sau wannan adadi? Na farko yana da rubutu uku da kowanne ya kai ambato uku, amma ba shi da huɗu da suka kai huɗu, don haka ma'auninsa 3 ne. Na biyu yana da biyu kawai da suka kai ambato biyu, don haka nasa 2 ne. Kun ga ma'aunin ya fifita wanda gonarsa ke bayarwa kowace shekara a kan wanda ya yi babban girbi sau ɗaya.

Waɗannan lambobi ba abin ado ba ne ga mai bincike. Jami'o'i da dama a duniya suna duba su wajen ɗaukar malami aiki da ƙara masa girma, masu ba da kuɗin bincike ma suna duba su. A ƙasashenmu masu aiki da Faransanci, hukumar CAMES da ke Wagadugu ce ke duba rubuce-rubucen malamin jami'a kafin ya hau mataki na gaba. Saboda haka mai binciken da kuke gani a tashar INRAN ta Tarna, ko a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, yana da iyayen gida biyu: manomin da yake so ya amfana, da mujallar da za ta buga aikinsa. Ba kullum bukatun biyun suke haɗuwa ba.

Sassaben zamani: aiki ya riga rubutu

Dattawan cikinku sun san yadda gonakin jahar Maraɗi suka koma bayan farin 1973 da na 1984, shekarar yunwar da ake kira El-Buhari. An saba yin sassabe ƙarƙaf, a sare duk wani tofo a ƙone, domin a lokacin gona mai tsabta ita ce alamar manomin kirki. Dokar gandun daji kuma ta mayar da icce na gwamnati, har manomi yana ganin icce a gonarsa kamar jawo wa kai tara ne. Iska ta samu fili. Takan kwaso rairayi ta binne shuka ko ta yanke ta, mutum ya shuka sau biyu, sau uku, kafin hatsi ya kama. An kashe kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwa, amma mafi yawan dashen bai rayu ba.

A 1983 wani ma'aikacin ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayar motarsa saboda rairayi. Sai ya duba wani ɗan tofo da ke gefe, ya gane ashe ba ciyawa ba ce, icce ne da aka sare, kututturensa da saiwarsa suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan ya fara aiki da manoma ƙalilan a kan wata dabara mai sauƙi. A lokacin sassabe, maimakon a share komai, manomi ya zaɓi kututturan da yake so, na sabara, kalgo, gawo, taramniya, magarya ko aduwa. A kowane kututture ya bar rassa mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran, ya sassabe ƙananan rassan ƙasa, ya kuma kare su daga dabbobi da masu sara. Da yake saiwar ta daɗe da nutsewa, icce yakan tashi da sauri fiye da dashe. A 1984 aka haɗa dabarar da rabon abinci a madadin aiki a ƙauyuka kusan ɗari. Da rabon ya ƙare, mutane da yawa suka sare abin da suka rena. Waɗanda suka bar nasu kuwa suka fara samun makamashi, da abincin dabbobi, da taki daga ganyen da ke zuba, da kariya daga iska. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Ma'aikata suna kiran dabarar RNA da Faransanci, ku kuma kuka sa mata suna sassaben zamani.

Ba daidai ba ne a ce baƙo ne ya koya wa Bahaushe renon icce. Tun a ƙarni na 19 sarakunan Damagaram suka hana saran gawo, kuma kowane manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili, domin gawo yana zubar da ganyensa da damina, ba ya tare wa shuka rana. A ƙasar Damagaram manoma da kansu suka farfaɗo da renon gawo. Abin da ya faru a Maraɗi shi ne an tuna da abin da aka sani, an gyara shi, an kuma yi shi a daidai lokacin da tsoron ma'aikatan gandun daji ya fara raguwa.

To, ga abin mamaki. Wajen shekara ashirin wannan aiki yana yaɗuwa daga gona zuwa gona, amma manyan mujallun duniya ba su san girmansa ba. Da a ce a shekarar 2000 kun nemi ƙidayar ambaton sassaben zamani, da ɗan abin da za ku samu bai taka kara ya karya ba, alhali itatuwan suna tsaye a gonaki.

Sai wajen 2004 zuwa 2006 masana suka waiwayo. Daga cikinsu akwai Mahamane Larwanou, masanin itatuwa ɗan Nijar, da Chris Reij ɗan ƙasar Holan, da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka. Tappan ya kwatanta tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 da sababbin hotunan tauraron ɗan Adam, ya ga wuraren da suke fayau a da sun cika da itatuwa. A 2006 Larwanou da abokan aikinsa suka fitar da rahoto da Faransanci a kan gundumomin Magarya, Matamai da Mirya, inda suka ƙiyasta cewa renon itatuwa ya mamaye kimanin hekta miliyan ɗaya. A watan Fabrairu na 2007 jaridar New York Times ta Amurka ta buga labarin, da bayanin Larwanou a ciki. A 2009 Reij da Tappan da Melinda Smale suka fitar da wani rubutu da Ingilishi ta hannun cibiyar IFPRI da ke Washinton. A shekarar kuma Abasse Tougiani da Chaibou Guero da Rinaudo suka buga nasu a kan ƙauyukan Agye, inda mutanen Ɗan Saga suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa, da mata da makiyaya a ciki.

Daga nan ambato ya ɓarke. Ba za a musa amfaninsa ba. Domin an rubuta, an kuma ambata, masu tsara manufofi suka ji. Dabarar ta tafi Habasha, Gana, Senegal, Kenya da wasu ƙasashe. Masu shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka, wanda aka amince da shi a 2007, sun rage dogaro ga dashe kaɗai, sun shigar da renon tofo cikin aikinsu. A 2018 aka ba Tony Rinaudo lambar girma ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya shahara da ramukan zai. A nan gida kuma, bayan dokar gandun daji ta 2004, gwamnati ta fitar da doka ta musamman a kan RNA a watan Yuli na 2020, wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan iccen da ya rena a gonarsa. Wannan shi ne ambato in ya yi aikinsa: yana ɗaukar abin da aka gani a gona ya kai shi teburin masu yanke hukunci.

Ku bi lamba har gidansu

Akwai lambobi uku da suka fito daga rubutun 2009, waɗanda ake ta maimaitawa a rahotanni da tarurruka da jaridu: hekta miliyan 5, itatuwa miliyan 200, da ƙarin hatsi tan 500,000 a kowace shekara. Wataƙila kun taɓa jin su a rediyo. Bari mu ga inda suka fito.

Hekta miliyan 5 ƙiyasi ne da aka yi ta hanyar duba hotunan sama da kuma zagaya ƙasa. Itatuwa miliyan 200 ba ƙirga su aka yi ɗaya bayan ɗaya ba. An ɗauka cewa kowace hekta tana da icce 40 a tsaka-tsaki, aka ninka sau miliyan 5. Hatsin ma haka ne. Marubutan sun ɗauka cewa kowace hekta tana ƙara kilo 100, suka ninka sau miliyan 5, ya ba su kilo miliyan 500, wato tan 500,000. Suka raba wannan a kan kilo 200 da mutum ɗaya ke ci a shekara, ya ba su abincin mutum miliyan biyu da rabi. Ku gwada lissafin da kanku, zai fito daidai.

Su marubutan ba su ɓoye komai ba, sun faɗi cewa ƙiyasi ne, sun kuma nuna yadda suka yi shi. Matsalar tana wajen masu ambato. Na farko ya ce “an ƙiyasta”, na biyu ya ɗauko daga na farko ya ce “an samu”, na goma ya ce “an tabbatar”. Kowannensu ya ƙara ɗaya a ƙidayar ambato, amma babu wanda ya sake auna dami ko ɗaya. Mutum ɗari da suka ji daga bakin mutum guda ba shaidu ɗari ba ne.

Wasu kuwa sun koma sun auna. A 2011 Eric Haglund da Jupiter Ndjeunga da abokan aikinsu suka buga binciken da suka yi gida-gida a jahar Maraɗi. Sun samu cewa kashi 26 cikin ɗari na gidaje ne suke yin cikakken sassaben zamani, wato sassabe rassa da kuma kare icce gaba ɗaya. Sun samu cewa masu yin sa sun fi samun kuɗin shiga, sun fi shuka amfani iri-iri. Sun kuma lura cewa rungumar dabarar tana da dangantaka da irin ƙasar gona, da kusancin kasuwa, da kuma ilimin maigida. Wannan na ƙarshe, ku masu zuwa ajin yaƙi da jahilci, naku ne. A 2020 Susan Chomba, masaniya ƴar ƙasar Kenya, da abokan aikinta suka tattara rubuce-rubucen da aka yi a kan dabarar a Afirka, suka nuna cewa yabon ya fi awon yawa, kuma ana bukatar ƙarin gwaji na tsanaki don a san a wace ƙasa, da wane icce, amfanin gona yake ƙaruwa. Wannan bai rage darajar sassaben zamani ba. Amma manomin da ke da gonar jigawa a Sarkin Yamma da wanda ke noman fadama a bakin Gulbin Maraɗi bai kamata su sa ran kilo 100 ɗin nan daidai wa daida ba. Sabara da gawo ma ba aiki ɗaya suke yi wa ƙasa ba.

Akwai kuma lokacin da maganar da aka fi ambato take zama kuskure. A 1934 wani masanin gandun daji ɗan Ingila, Stebbing, ya ratsa arewacin Nijeriya da kudancin Nijar da rani, ya koma ya rubuta a 1935 cewa Sahara tana tahowa za ta cinye ƙasar. Hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa ta zagaya yankin a 1936 zuwa 1937, ba ta ga hujjar hakan ba, amma maganarsa ta ci gaba da yawo. A 1975 wani masani, Hugh Lamprey, ya ce a ƙasar Sudan hamada tana matsowa kudu da kusan kilomita biyar da rabi kowace shekara. An yi ta maimaita wannan lamba a manyan rahotanni. Sai a 1991 Compton Tucker da abokansa suka nuna da hotunan tauraron ɗan Adam cewa bakin hamada yana matsowa ne a shekarun fari, ya ja da baya in ruwa ya samu. Lalacewar ƙasa gaskiya ce, kun gan ta da idonku, amma ba bango ba ce mai tafiya. Tana farawa ne a inda aka tsiraita gona. Bambancin yana da muhimmanci, domin wanda ya ɗauka bango ne zai je ya dasa shinge a bakin hamada, ya bar kututturan da ke cikin gonarsa. Ku kuma sani, wanda ya ambaci Lamprey don ya ƙaryata shi, shi ma an ƙirga shi cikin masu ambatonsa. Ƙidayar ba ta bambanta yabo da suka.

Waɗanda ƙidaya ba ta gani

Manyan kundayen ambato sun fi tattara abin da aka rubuta da Ingilishi. Mai binciken Nijar da ya rubuta da Faransanci, ko wanda ya zuba ƙarfinsa a rahoton ma'aikata da takardun horon manoma, ambatonsa yakan yi ƙasa ko da aikinsa ya fi amfani. Sau da yawa rahoton Faransanci ne tushe, amma rubutun Ingilishi da ya ɗebo daga gare shi ne ake ambato. Abin da aka rubuta da Hausa, irin wannan da kuke karantawa, da wuya ya shiga lissafin. Bayanin da mai bincike ya yi a gidan rediyo, ko kwanakin da ya yi a ƙauye yana nuna yadda ake riƙe adda a sassabe reshe daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage, duk ba su da lamba. Fannoni ma sun bambanta: masu binciken magunguna sun fi masu binciken gero yawa nesa ba kusa ba, saboda haka ambatonsu ya fi yawa, ba don sun fi ƙwazo ba. Akwai kuma masu yawan ambaton kansu, da abokan da ke ambaton juna don lamba ta hau. Masanan da kansu sun ga waɗannan matsaloli. A taron da suka yi a birnin San Faransisko a ƙarshen 2012 sun tsara sanarwa cewa a daina auna mutum da sunan mujallar da ya buga aikinsa, a riƙa karanta aikin kansa.

Wanda ƙidayar ta fi mantawa da shi kuwa shi ne manomi. Manoman farko da suka bar tofo a gonakinsu sun sha dariya, an ce da su ƙazaman manoma, wasu ma an bi dare an sare musu itatuwa. Matan da suka san wane ganye ake ci da yunwa, wane ɓawo ne magani, su ne suka faɗa wa masu bincike. A cikin rubutu sukan zama “wani manomi” ko “gidaje ɗari huɗu”. A ganina wannan gibi ne babba, kuma ba mugun nufi ne ya kawo shi ba. Tsarin ne aka gina shi a kan wanda ya rubuta, ba wanda ya sani ba. Na sha faɗa wa malaman da muke horarwa cewa ranar da ɗalibinsu ya rubuta abin da ya gani a gonarsa, da kwanan wata, ya sa hannu, ranar ya zama wanda za a iya ambata.

Idan mai bincike ko malamin gona ya zo muku

Ku karɓe shi da mutunci, domin yawancinsu alheri suke nufi, kuma ƙasarmu tana bukatar su. Amma in ya ce “bincike ya nuna”, ba rashin ladabi ba ne ku tambaye shi: Malam, wa ya yi binciken? A wane gari, a jigawa ko a fadama? Damina nawa aka gwada, kuma an haɗa da shekarar da ruwa ya yi ƙaranci? An auna ne, ko an ƙiyasta? Akwai wanda ya sake gwadawa a wani wuri ya samu haka? Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi yawan ambato nauyi. In ya ce mutumin sananne ne, an ambace shi sau dubu, ku gane cewa wannan yana nuna masana sun saurare shi, kuma dalili ne mai kyau na ku ma ku saurara. Daga nan sai ku gwada a gefe guda na gona, ku bar ɗaya gefen yadda kuka saba, gani ya kori ji. In kuma tambayoyi ya zo yi muku, ku nemi ya gaya muku inda amsoshinku za su tafi, ya kuma dawo ya karanta muku sakamakon da Hausa, a gaban maigari da jama'a.

Ku ma ku buɗe naku kundin. Littafin rubutu na ƴan makaranta guda ɗaya ya isa shekaru da dama. A shafin farko ku rubuta sunanku, da sunan garinku, da wurin da gonar take. Kowace shekara ku ba ta shafi biyu. Ku rubuta ranar ruwan shuka, da sau nawa kuka shuka kafin ya kama, da kwanakin da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, da irin da kuka shuka. Ku ƙirga itatuwan gonar, kowane iri da adadinsa: gawo kaza, kalgo kaza, sabara kaza. Da kaka ku rubuta dami nawa kuka ɗaure a gefen da ke da itatuwa, nawa a gefen da babu, ku auna taku nawa ne tsawo da faɗin kowane gefe don kwatancin ya yi adalci. Ku sussuke dami ɗaya daga kowane gefe ku ga tiya nawa ya bayar, domin dami ya fi dami. Mata su rubuta icen girki da ganye da ƴaƴan itace da aka samu, da kuɗin abin da aka sayar. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya zo da littafin aji, malami zai taimaka masa ya ja layukan shafin farko.